Takardar Gona a Ƙasar Damagaram

Motar da ta bar Kano da asuba, ta bi ta Kazaure da Daura, takan iso Kwangwalam kafin hantsi ya yi ƙarfi. Daga nan sai a tsallaka Ɗan Barto, a canji naira zuwa sefa, a miƙi hanyar Matamaye. Cikin fasinjojin da suka bi wannan hanya a wata kaka har da wani Bakano ma'aikacin safiyo, wanda ya yi shekaru yana awon filaye. Sauran fasinja suna yaba damman geron da aka jera a gonaki, shi kuwa iyakoki yake ta kallo. Tsakanin gona da gona an bar layin gamba a tsaye, ta zarce tsawon mutum. Wani wurin aguwa aka dasa. Wani wurin gawo ne ƙwaya ɗaya, wanda duk garin sun san gabashinsa na wane ne, yammacinsa na wane. Ya zo ne ya ga yadda Jamhuriyar Nijar ke ɗaukar irin wannan iyaka ta shigar da ita littafi.

Tun daga tagar mota mutum zai gane dalilin da ya sa ake neman littafin. Daga Matamaye zuwa Kance da wuya ka ga saura, ko'ina an nome. A 1960, shekarar samun 'yancin kai, mutanen Nijar ba su kai miliyan 4 ba. Ƙidayar 2012 ta tarar da sama da miliyan 17, kuma jihar Damagaram ce ta fi kowace jiha jama'a, da mutum wajen miliyan 3.5, akasarinsu a wannan ɗan yankin kudu inda damina ke isar gero. Gandun da kaka ya noma shi da iyalinsa, yau jikoki ne barkatai a kansa, kowa na jiran rabonsa.

A Takeita kwaltar ta haɗu da babbar hanyar da ta taso daga Yamai, aka juya gabas, aka shiga Damagaram da la'asar.

Unguwar Birni na nan da manyan duwatsunta da lungunanta da fadar sarki, ga kuma ragowar ganuwar da ake dangantawa da Sarki Tanimu. Faransawa sun kama garin a 1899, kuma nan ne hedikwatar mulkinsu ta zauna kafin a mayar da ita Yamai a 1926. Su ne suka kawo littafin ƙasa na farko. Dokar da suka kafa ranar 26 ga Yuli 1932 domin ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannunsu ta ɗauko tsarinta daga dabarar Robert Torrens, wanda ya fara ta a Kudancin Ostireliya a 1858: fili ake yi wa rajista, kowane fili da lambarsa da shafinsa. Mai nema ya kai buƙata, a buga sanarwa a jaridar gwamnati, ma'auni ya je ya kafa turakun siminti a kusurwoyi a gaban maƙwabta, ya zana taswira. In wa'adin ƙorafi ya wuce ba wanda ya tsaya, sai a buɗe shafi a ba mai fili takardar da mutanen Nijar ke kira titir fonsiye. Daga ranar, duk ciniki ko jingina ga banki ko rabon gado da ya shafi filin a wannan shafin za a rubuta shi, kuma doka ta ce takardar yankakkiya ce, ba a komawa a ƙalubalanci asalinta. Littafin yana ƙarƙashin hukumar haraji ta ma'aikatar kuɗi, wanda ya isa ya nuna wa mutum abin da gwamnati ta fi damuwa da shi game da fili.

Tsari ne mai kyau a idon ma'auni, sai dai tsada da nisa sun sa kusan ba wanda ya amfana da shi in ban da gwamnati da kamfanoni da attajiran birni. A 2006 an sauƙaƙa hanyar, aka fito da titir mai rahusa da ake kira Sheda. Duk da haka yawancin masu gida a Damagaram, in an tambaye su takarda, wadda ofishin magajin gari ya ba su lokacin yankan fuloti za su ɗauko. Irin waɗannan fuloti ne gwamnati ta taɓa biyan ma'aikata bashin albashinsu da su a farkon shekarun 2000.

Manomin ƙauye kuwa, shugabanni sun daɗe suna juya shi da baki. Gwamnatin Diori Hamani ta fito da doka a 1960 wadda ta haramta ushira da kason amfanin gona da sarakuna da masu ƙasa ke karɓa. Seyni Kunce ya zarce haka: a jawabinsa na 18 ga Disamba 1974 ya shelanta cewa duk gonar da mutum ke nomawa ta zauna a hannunsa, ko ta wace hanya ta zo masa. Waɗanda ke noman gonar aro suka daina kai damin da akan kai wa mai gona duk shekara, alhali wannan damin shi ne shaidar cewa gonar tana da mai ita. Masu gonaki suka ji tsoron ba da aro. Magana ce ta rediyo, ba a mayar da ita cikakkiyar doka ba, don haka da Kunce ya rasu a 1987 sai kowa ya ɗauko tsohon lissafinsa. Wani mai bincike ɗan ƙasar Denmak, Christian Lund, ya zauna a wannan yanki a farkon shekarun 1990 yana bin shari'o'in gonaki. Ya nuna cewa jin labarin sabuwar doka na tafe shi kansa ya tayar da rigingimu, domin kowa na son ranar rubutu ta same shi a kan gona. Mutum zai kai ƙara gun mai gari, in ya faɗi ya tafi gun sarki, daga nan gun jami'in gwamnati, daga nan gun alƙali, in mulki ya canja hannu kuma ya sake ɗauko maganar daga farko.

Dokar da ake jira ta fito ranar 2 ga Maris 1993, makonni kaɗan kafin a zaɓi Mahamman Usman, ɗan Damagaram, shugaban ƙasa. Lambarta 93-015, kuma ita ce ginshiƙin kundin dokokin karkara, Kod Rural, wanda aka fara shirinsa tun 1986. Babban abin da ta zo da shi gajere ne: haƙƙin da mutum ya samu ta al'ada da wanda ya samu ta rubutacciyar doka kariya ɗaya suke da ita. Gonar da aka gada daga kakan da ya sare daji mallaka ce cikakkiya. Wannan ya tsaya wa Bakanon a rai, domin a Najeriya dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, abin da mutum ke samu izinin zama ne, galibi na shekara 99.

Domin rubuta waɗannan haƙƙoƙi aka kafa kwamitocin ƙasa, waɗanda kowa ke kira Kofo. Na farko an girka su a 1994 a Mirya da Maine-Sorowa, shi ya sa hanya ta kai Bakanon Mirya.

Garin bai kai tafiyar rabin awa daga Damagaram ba, kan hanyar Difa. Kukoki ne ke fara tarbar baƙo, sai garake a kwari, sai kasuwar Lahadi inda ake jera tulunan Mirya da suka yi suna. Tsohon gari ne na daular Sosebaki. A nan ne tsarin ya bayyana hawa-hawa. A ƙasa akwai Kofob, kwamitin gari ko na rugar makiyaya, mai gari ko harɗo ne shugabansa. Sama da shi Kofokom na ƙaramar hukuma, a hannun magajin gari, ko kantoma tun da sojoji suka rushe zaɓaɓɓun majalisu a 2024. Sai Kofodep na gunduma, wanda perefe, wato shugaban gundumar, ke jagoranta, ga sakataren dindindin, ga sarakuna, ga jami'an noma da kiwo da gandun daji da ruwa.

Inda abin ke da daɗin gani shi ne can ƙasa. A wani ƙauye kudu da Mirya, Bakanon ya tarar ana shirin cinikin gona a ƙofar gidan mai gari. An shimfiɗa tabarmi. Ga mai sayarwa, dattijo da ke neman kuɗin aurar da 'ya. Ga mai saye, maƙwabcinsa da ya dawo daga cin rani. Ga wakilin manoma, wakilin makiyaya da sandarsa a kafaɗa, wakilin matasa, da wakiliyar mata a gefe. Sakataren kwamiti, saurayin da ya yi boko, ya buɗe jakar leda ya fito da littafi da fom na Faransanci da takardar kabon da ɗan akwatin tawadar dangwale. Kwanaki kafin nan mai shela ya riga ya zaga gari, an kuma faɗa a masallaci: wane zai sayar da gonarsa ta wuri kaza, mai magana ya fito.

Ba a rubuta komai ba sai da aka tashi aka je gonar. Mai gona a gaba, maƙwabta huɗu na biye, ana bin gamba daga kusurwa zuwa kusurwa. A wani wuri da gambar ta mutu aka tsaya, maƙwabcin arewa ya tona da ƙafarsa har tsohon tushenta ya fito, aka ce to, nan ne. Da aka koma tabarma, wakiliyar mata ta raɗa wa mai gari magana, shi kuma ya juya ga dattijon.

“Malam, ka ce gado ce. Ƙannenka mata fa, an fitar musu da nasu?”

“Ranka ya daɗe, an fitar, liman na nan.”

Liman ya gyaɗa kai, amma sai da aka aika yaro ya kira ɗaya daga cikin matan ta faɗa da bakinta. Sannan sakatare ya cike fom: sunan mai sayarwa da na mai saye, kuɗin da aka biya, yadda gonar ta zo hannun mai ita, sunan maƙwabcin gabas da na yamma da na kudu da na arewa. Shaidu suka dangwala, mai gari ya buga hatimi, aka yi fatiha. Kwafi ɗaya na mai saye, ɗaya ya zauna a gari, saura za a aika ƙaramar hukuma da gunduma.

Tambayar da aka yi wa dattijon ba ta banza ba ce. A kudancin Maraɗi da Damagaram, da ƙasa ta yi ƙaranci, gamana, wato 'yar gonar da maigida ke yankar wa matarsa daga gandu, ita ce ta fara ɓacewa. Mata da yawa yanzu ta hanyar rabon gado na shari'ar Musulunci kaɗai suke samun gona, in har 'yan'uwa maza ba su ce a bar gandu a dunƙule ba.

Takardun da Kofob ke bayarwa iri shida ne: ta riƙon gona bisa al'ada, ta saye, ta kyauta, ta haya, ta aro, da ta jingina. Biyun ƙarshe su ne suka fi hana rigima. Jingina ita ce mutum ya karɓi kuɗi ya ba da gonarsa a riƙa nomawa har ranar da zai mayar da kuɗin. Tana iya ɗaukar shekara da shekaru, wanda ya bayar ya mutu, wanda ya karɓa ya mutu, 'ya'yan wannan su ce saye ne, 'ya'yan wancan su ce jingina ce, shaidu duk suna kushewa. Aro ma haka yake. Shi ya sa a al'ada ba a barin mai aro ya dasa itace ko ya gina rijiya, domin itace da rijiya alamar mallaka ne. A yankin da manoma suka raya miliyoyin gawo a gonakinsu tun daga shekarun 1980, ta hanyar barin toho maimakon sassabe shi, sanin wane ne mai gona shi ne sanin wane ne zai sassari reshe ya kuma tara 'ya'yan gawo wa awaki.

A ma'aunin safiyo wannan takarda ba ta cika ba. Babu lambobin kusurwa, faɗin gonar ma ƙiyasi ne. Amma abin da ya fi wahalar da alƙali a shari'ar gona ba yawan taku ba ne, shi ne wa ya ba wa, da wane sharaɗi, a gaban wa. Wannan kuwa takardar ta amsa shi, kuma da kuɗin da talaka zai iya biya.

Mai son abin da ya fi haka ƙarfi sai ya nufi Kofodep. Can za a yi shela a kasuwanni da rediyon gari, a liƙa sanarwa, a ba da wa'adi. Sannan tawaga ta je gonar da na'urar GPS, a tsaya a kowace kusurwa a ɗauki lamba, a sake jin bakin maƙwabta da na sarki. In babu jayayya sai a shigar da gonar cikin kundin filayen karkara, wanda wata doka ta Oktoba 1997 ta fayyace yadda ake rubutu a cikinsa. Kundin kashi biyu ne: babbar taswirar gunduma inda ake zana kowane fili da aka tabbatar, da kuma katuna, kowane da sunan mai haƙƙi. Daga nan a ba mutum takardar mallaka. In kuwa wani ya tsaya ya ce bai yarda ba, sai Kofo ta ajiye alƙalami, domin ita ba kotu ba ce. Sulhu na sarakuna ne, su rubuta takardar an daidaita ko ba a daidaita ba, sannan magana ta wuce gaban alƙali. Sau da yawa a tsakani akan kai ga rantsuwa da Alƙur'ani, abin da mutane ke tsoro fiye da kowane hatimi.

Akwai wani sashe na littafin da Bakanon bai saba gani a ofisoshin filaye ba. A hanyar Magarya ya ga turakun siminti masu fenti ja da fari sun jeru layi biyu, sun ratsa tsakiyar gonaki sun nausa arewa. Burtali ne aka shata. Kofo na ƙidaya burtali da makiyaya da mashaya da tafkuna, ta yi musu shela kamar yadda ake yi wa gona, ta sa su a taswira a matsayin dukiyar jama'a wadda ba a sayarwa. Nijar ta ga abin da rashin haka ke jawowa: a Oktoba 1991, a Toda ta yankin Gidan Rumji, an kashe Fulani fiye da 100, akasari mata da yara, a rikicin manoma da makiyaya. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta ce yawon kiwo haƙƙi ne da gwamnati ta lamunta. Makiyayi na iya samun takardar fifiko a kan yankin da ya saba komawa, inda rijiyarsa take, sai dai fifiko ne kawai, ba shi da ikon hana wani shayar da dabba. Duk shekara kuma hukuma na tsayar da ranar sakin gonaki, wadda daga ita dabbobi ke da damar shiga su ci kara da harawar da ta rage. Ke nan gona ɗaya tana da mai ita da damina, tana kuma da masu haƙƙin wucewa da rani, kuma doka ta san da su duka.

Inda tsarin ke ɗingishi shi ne bayan an buga hatimi. Garuruwa da yawa har yau ba su da Kofob, kuma akasarin waɗanda ke da shi wani shirin agaji ne ya girka su ya ba su littafi da tawada. In shirin ya ƙare, fom ya ƙare, aiki ya tsaya. A wani ofishi da Bakanon ya leƙa, kwafin takardun ƙauyuka na ɗaure da igiya a kan kabad, gara ta fara cin na ƙasa, kuma jami'in ya ce ba shi da man babur ɗin da zai zaga ya karɓo sauran. Mai takarda kan mutu a raba gonar gida biyar ba wanda ya koma ya gyara kati, sai littafi ya ci gaba da faɗin abin da ya wuce. Ga mai gari, shi ne shugaban kwamiti, shi ne babban shaida, shi ne mai sulhu in rigima ta tashi, kuma ba ya rasa ɗan goro a kowane ciniki. In mutumin kirki ne, gari ya huta. In ba haka ba, hatiminsa na iya hawa kan takarda biyu a gona ɗaya. Sannan waɗanda suka fi zuwa neman takardar Kofodep su ne 'yan kasuwa da ma'aikatan birni da suka sayi gonaki a bakin gari ko a fadama, domin su ne suka san amfaninta, su ne kuma ke iya ɗaukar nauyin tawagar awo. Banki kuwa titir fonsiye ya fi ganewa, kuma littafin ma'aikatar kuɗi da kundin Kofo kowanne na zaman kansa. Waɗannan matsaloli ne aka baje a babban taron ƙasa kan filayen karkara da aka yi a Yamai a Fabrairu 2018, wanda ya haifar da manufar ƙasa da gwamnati ta amince da ita a 2021.

Zangon ƙarshe na tafiyar arewa ne, kan hanyar Agadas, zuwa Tanut a ƙasar Damargu. Gawo na raguwa, gonaki na ƙara faɗi, gero na ƙara tazara. A wannan yanki ne wani layi ya ratsa wanda dokar 26 ga Mayu 1961 ta shata a matsayin iyakar noma ta arewa. Abin da ke bayansa ƙasar kiwo ce ta gwamnati, ba mai mallakar ta, kuma wanda ya yi shuka a can ba a biyansa diyya in dabba ta yi masa ɓarna. Dokar 2010 ta bar layin a inda yake. Sai dai yunwar ƙasa ta daɗe da tura manoma suka tsallake shi, makiyayan da fari ya cinye wa dabbobi su ma sun kama hauya, har an kafa garuruwa masu masallacin Juma'a da makaranta. Mutanen can suna gadon gonakinsu, suna sayarwa, suna jinginarwa a gaban shaidu kamar na Mirya, amma bisa doka Kofo ba ta da ikon ba ko ɗayansu takardar mallaka.